BAZARA TA SHIGA: A HAU HANYA A DUBO DAMINA KAFIN A KWANCE BAKIN BUHU

Hazo ya janye, sanyi ya yi sallama, rana ta fara dukan ƙasa. To, wannan shi ne lokacin da zancen Dawanau ya kan koma kan tambaya guda: yaushe ruwa zai sauka, in kuwa ya sauka, zai ɗore? Mai gero a sito yana so ya san ko ya saki kaya yanzu ko ya ƙara haƙuri. Mai taki da iri yana so ya san ko ya zuba kuɗinsa. Dillalin shanun huɗa yana ƙirga ranar da manoma za su fara nema. Kowa idonsa yana sama.

Labarin damina da ke yawo cikin kasuwa kuwa, kun dai san halinsa. Mai kaya ya ce bana fari za a yi. Mai neman kaya ya ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙauyensu, har an gama shuka. Kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa. Shawararmu ita ce a haɗa abu uku kafin a yanke magana: hasashen ma'aikatan yanayi, lissafin taurari, da abin da ido ya gani a kan hanya. Na ukun nan shi ne alƙalin sauran biyun, domin gani ya kori ji.

ABIN DA MA'AIKATA SU KE FAƊA

Hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, ta kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, har a kan fassara shi da Hausa. A ciki a kan faɗi lokacin da a ke sa ran ruwan shuka, da lokacin ɗaukewarsa, da inda a ke tsoron ƙaramin fari a tsakiyar damina. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 saboda babban farin shekarun nan, ita ma tana tara masana su yi hasashen daminar ƙasashen Sahel.

Yadda abin ya ke shi ne, iska biyu ke ture juna a kanmu. Akwai busasshiya mai zuwa daga hamada, watau ta hunturu, akwai kuma mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma. Da bazara mai laimar ta kan riƙa turo 'yar'uwarta arewa sannu a hankali. Shi ya sa ruwa ya kan sauka a Zariya da Tudun Wada kafin Kano, ya sauka a Kano kafin ya zauna sosai a Dambatta da Kunchi. Saboda haka in direba ya zo daga kudu motarsa duk taɓo, kada wannan ya ruɗe ku game da gonakin arewacin Kano. Shi hadarin kansa daga gabas ya kan taso, da guguwa a gabansa, ya yi wa wannan gari ruwa ya tsallake na kusa da shi.

Masana noma ba su ɗaukar ruwan farko a matsayin ruwan shuka. Abin da su ke nema shi ne kamar milimita 20 cikin kwana uku, sa'an nan kada dogon fari ya biyo baya cikin watan da ke tafe. Wannan sharaɗi na biyu shi ne wurin da kuɗin ɗan kasuwa ya kan nutse. Ruwa ya sauka, farashi ya karye, mai rauni ya sayar a gaggauce. Bayan mako biyu shuka ta ƙone, manomi ya dawo kasuwa neman iri na biyu, wanda ya saya da araha ya ci riba a zaune.

ABIN DA TAURARI SU KE FAƊA

Watannin Musulunci suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka manomi ba ya shuka da su. Da taurari ya ke lissafi. Taurarin 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, an raba su bakwai bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Na ƙarshen bazara su ne Buɗaini, Surayya da Dabaran. Surayya ita ce Kaza da 'Ya'yanta, wadda ta kan ɓuya daga sama a daidai wannan lokaci. Sa'an nan damina ta buɗe da Haƙa'a a rabin ƙarshen watan Mayu, sai Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan.

Amfanin wannan lissafi ga ɗan kasuwa shi ne auna jinkiri. Ruwan da ya zo tun cikin Surayya, dattawa ba su cika sakin jiki da shi ba. In kuwa Hana'a ta wuce, Zira'a ta shiga ba a yi shuka ba, to kwanakin damina sun fara ƙaranci. Gero mai kamar kwana 90 zai iya tsira. Dawa irin su ƙaura da farfara, masu son ruwan ƙarshe, su ne cikin haɗari. Mai hankali ya san wanne zai riƙe, wanne zai saki.

ABIN DA HANYA TA KE FAƊA

To, yanzu sai tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi nauyi, mun sani. Amma mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su fita da asuba su dawo kafin magariba, kuma abin da za su kashe bai kai asarar buhu goma da aka sayar kan ƙarya ba.

Hanya ta farko ita ce ta Katsina, daga Dawanau zuwa Bichi har Tsanyawa. Nan ne mutum zai ga karkarar Kano yadda ta ke: gona ta manne da gona, babu daji ko kaɗan, gida nan gida can, kowanne da rumbunansa da darninsa. Ƙasa fes an share ta, sai itatuwa tsaye cikin gonaki kamar an jera su, ɗorawa da 'ya'yanta suna reto, tsamiya, kanya, kuka da rimi. Wannan ƙasa ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta, taki ne ke riƙe da ita. Tun zamanin kakanni jakai ke shigar da itace birni su fito da taki cikin mangala, yau kuma har da kura da a-kori-kura. Ku dubi tulin takin nan a gonaki. In sun yi yawa, an jera su layi layi, manomi yana da ƙarfi kuma ya shirya. A tsaya a Badume ta ƙasar Bichi a ga kayan gwari. In tumatir da albasa na rani sun fara ja baya, masu lambu sun juya ga gonakin damina ke nan.

Hanya ta biyu ita ce ta Daura, wadda ta bi ta Dambatta zuwa Kazaure. A wannan ɓangare ƙasa ta fi yashi, gero ya fi dawa, gawo da goruba sun fi yawa. Ga ruwan dam ɗin Tomas yana ƙyalli da kore kewaye da shi, ga duwatsun Kazaure can gaba in an shiga Jigawa. A daidaita tafiyar ta faɗo ranar Lahadi, ranar kasuwar Dambatta. A shiga kara a tsaya shiru. In manoma suna tayin shanun huɗa, alama ce mai kyau. In kuwa awaki da tumaki sun cika kasuwa, masu su na sayarwa suna wucewa kai tsaye wurin ma'auna, to rumbuna sun yi ƙasa, za a nemi hatsi da wuri.

Hanya ta uku ta gabas ce, wajen Gezawa da Minjibir, inda ruwan Jakara ya taru a dam ɗin Wasai. Mai sayen wake da gyaɗa ya leƙa nan ya ji irin da manoma su ke niyyar zubawa bana.

Ko wace hanya aka bi, ga abubuwan dubawa. Shamuwa ta iso ta fara sheƙa a itatuwan gari? Kuka ta fara toho? Gawo, wanda ke kore da rani, ya fara zubar da ganye? Iskar dare ta juya tana zuwa daga kudu da ɗan laima? 'Yan ci-rani sun fara sauka a tasha da ƙunshinsu? An yi binne, watau an zuba gero cikin busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa? Inda aka ce an yi ruwa, a sauka daga mota a tona ƙasa da hannu. In danshi bai wuce tsawon yatsa ba, yayyafi ne aka yi wa ado da baki. A tambayi mai shayi da mai faci a bakin hanya, su ba su da buhu a sito, ba su da dalilin ƙari ko ragi.

DON ME MU KE NANATAWA

Dattawan kasuwa ba su manta 1973 ba, shekarar da ruwan Kano bai wuce kusan rabin abin da aka saba ba, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka kwararo. A 1975 cuta ta cinye gyaɗa, ta bar masu jiran kaka da hannu biyu. A 1983 da 1984 fari ya sake dawowa. A 2005 kuma, bayan ƙarancin ruwa da fara sun ɓata amfanin 2004 a Nijar, tsadar gero ta kai mutanen Maradi da Damagaram bango. Kasuwar Dawanau, wadda ta fara ci a 1985, da kasuwannin Nijar igiya ɗaya ta ɗaure su: in can ya motsa, nan ma sai ya motsa. Don haka mai bin hanyar Daura ya tambayi direbobin da suka fito daga Kwangwalam halin da sama ta ke ciki a can.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Sanin halin damina don kare jari ne da tsara saye da sayarwa. Wanda ya ga alamar fari ya kulle sito yana jiran talaka ya galabaita, ya sani gero ba ya jiran kowa. Da zarar sabon gero ya nuna wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, farashi ya kan juyo, a bar mai ɓoyo da tsohon kaya da ƙwari da haushin jama'a. Mafi alheri a riƙa saki kashi kashi: wani kafin ruwa, wani bayan shuka ta kama, wani a tsakiyar damina lokacin da buƙata ta fi tsanani. Mai bayar da bashin iri ko taki shi ma kada ya zuba duka a gari guda, tun da hadari ya kan zaɓi gari.

Masu lodi kuma a tanadi tamfol tun yanzu, a duba rufin sito, a ɗaga buhuna daga ƙasa. Ruwan farko da guguwa ya ke zuwa, ba ya sallama. Motar da za ta shiga hanyar burji ta shiga da safe ta fito kafin la'asar, domin hadarin bazara ya fi son yamma.

Hasashe dai hasashe ne, ma'aikata da masu lissafin taurari duk sun yarda ruwa na Allah ne. Namu shi ne mu duba, mu tambaya, mu auna, kana mu buɗe baki mu yi ciniki. Wanda ya fita ya dawo, ya aiko mana da abin da ya gani, da sunan gari da ranar da ya gani, mu buga don amfanin kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a yi ciniki lafiya. Haza wasalam.