Riwaya Babu Isnadi: Ilimin Zamantakewa a Zaurukan WhatsApp na Dutsin-Ma da Kurfi

A watan Satumba na shekarar 2021 gwamnatin Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 domin daƙile 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi suna daga cikinsu. Watannin da aka yi babu sabis sun nuna yadda sanin halin da al'umma take ciki ya rataya a kan waya. Farashin gero da masara, ƙauyen da aka tasa, hanyar da ba ta biyuwa bayan la'asar, iyalan da suka gudo cikin gari, duk ta zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook labarinsu yake yawo, sau da yawa a saƙon murya, wanda ba ya buƙatar iya karatun boko.

Waɗannan labarai su ne ɗanyen kayan aikin masanin zamantakewa. A Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ana koyar da wannan fanni, kuma ɗalibin da ya ji bayanin ƙaura ko rikicin manoma da makiyaya a aji yakan tarar da misalinsa a zauren 'yan garinsu kafin magariba. Sai dai labari daban, ilimi daban.

Matsalar sananniya ce ga ɗalibin hadisi. Malaman jarhu da ta'adili suna auna riwaya da maruwaitanta, aya ta 6 ta Suratul Hujurat kuma ta yi umarni da bincika labarin fasiƙi. To, saƙon da aka turo ba shi da isnadi. Tun 2018 WhatsApp yake sa alamar cewa turo saƙo aka yi, amma ba ya faɗin wanda ya fara shi. A ma'aunin muhaddisai, wannan riwayar majahuli ce daga majahuli.

A nan ne Ibn Khaldun yake da amfani. A Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa binciken maruwaita ya fi dacewa da hukunce-hukuncen shari'a. Labarin abin da ya faru kuwa, a fara gwada shi da ɗabi'ar zaman jama'a, a ga ko zai yiwu. Da wannan ma'auni ya ƙi riwayar Mas'udi cewa mayaƙan Bani Isra'ila sun kai 600,000, domin ƙasar ba za ta ɗauke su ba, kuma tsatson da ke tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su, bai isa ya haifar da wannan adadi ba. Ya kuma lissafa son zuciya ga ɓangare cikin manyan dalilan shigar ƙarya cikin labari, cutar da ta fi kama duk saƙon da ya ambaci Bafulatani ko ɗan sa-kai.

Saboda haka idan saƙo ya zo cewa an kore shanu dubu daga wata ruga a ƙasar Kurfi cikin dare ɗaya, akwai tambayoyin da ba sa jiran sunan mai riwaya. Gidaje nawa ne a rugar? Wane burtali ne zai ɗauki garke irin wannan ba a ga sawunsa ba? Da damina ne ko da rani? Manomin yankin ya fi baƙon malami sanin amsoshin, kuma galibi yana cikin zauren da aka turo saƙon.