Gasket Ɗin Manifol: Abin Da Mai Mota Ya Kamata Ya Sani

Idan tumatir ya nuna a gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa, mai a-kori-kura ba ya hutawa. Kullum yana hanyar kasuwar Kwanar Gafan da kwanduna. Tumatir kuwa ba ya jira. Kwana biyu a gareji ya isa ya ruɓar da wahalar wata uku. Sau da yawa abin da ke tsai da motar ba wani babba ba ne, gasket ne.

Manifol shi ne bututun da ke ɗaukar iska da fetur daga kafireto zuwa kan inji. Tsakaninsa da kan injin akwai wani siririn faifai da ke toshe kafa, shi ne gasket. In ya tsage, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Sai a ji inji yana huci, yana kakkarwa a tsaye, yana mutuwa. A wasu motocin ruwan lagireto yana bi ta cikin manifol, don haka yana iya zubewa ko ya gauraya da baƙin mai, man ya koma kamar koko.

Kafin a kwance, a bar inji ya huce, a cire kan batir, a zubar da ruwan lagireto. Ban da taba sigari a kusa. A sa alama a kan kowace tiyo. Da zarar an ɗaga manifol, a toshe ramukan kan inji da tsumma mai tsabta, musamman da hunturu. Ƙura ko ɗan noti guda da ya faɗa ciki yana iya lalata fistin.

A kankare ragowar tsohon gasket a hankali, don gorar ruwa ba ta jure karta. Kada a mai da tsohon, ya riga ya danne. Wasu makanikai kan yanka kwali su lafta masa gam, wai don sauƙi. Wannan araha ce mai tsada, domin zafi da fetur za su cinye kwalin, gam ɗin da ya yi yawa kuma ya ɓalle ya shige inji.

Wurin ɗauri ne aka fi yin kuskure. Ba a ɗaure noti ɗaya tamau a bar saura. A fara kama su duka da hannu, sannan a bi da sifana daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa, zagaye biyu ko uku. Ƙarfi ya yi yawa, manifol ya lanƙwashe ko noti ya karye. A ƙirga tsummokaran da aka cusa, a tabbata duk an fitar kafin a rufe.

Injin ban-ruwa na fetur ma yana da irin wannan gasket a bayan kafiretonsa. In ba ya tsayawa sai an ja cok, a duba wurin.