Tsadar Sutura da Nauyin Makoki a Ƙasar Daura

Ranar Talata, 15 ga watan Yuli na shekarar 2025, sa'ad da jirgin da ya ɗauko gawar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari daga Landan ya sauka a Katsina, aka wuce da ita Daura a mota, aka sallace ta, aka rufe ta a cikin gidansa da yammacin ranar, mutane da dama daga kudancin ƙasar nan da ma ƙasashen waje sun yi ta al'ajabin yadda mutumin da ya mulki Nijeriya har sau biyu, da kaki da farar hula, ya shiga kabarinsa da irin abin da talakan Baure ko na Sandamu yake shiga da shi, watau farin likkafani. Mu da muka tashi a ƙasar Daura ba mu ga abin mamaki ba, domin haka muka tarar ana yi wa sarki da bafade, attajiri da almajiri. Amma kuwa wannan daidaito da ake gani a bakin kabari yana lulluɓe da wani bambanci mai girma wanda yake aukuwa kafin a kai gawa da kuma bayan an dawo, kuma a shekarun nan ya yi tsanani har ya kai mai ƙaramin ƙarfi, idan aka yi masa rasuwa, zuciyarsa na rabuwa biyu tsakanin baƙin cikin wanda ya tafi da lissafin abin da za a kashe.

Ya kamata mu fara da abin da shari'a ta wajabta, domin a kansa ne za a auna sauran. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun sanya wankan mamaci da yi masa likkafani da sallatarsa da binne shi a matsayin farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari to gari duka ya ɗauki zunubi. An so a yi wa namiji likkafani da tufa 5, mace da 7, amma idan hali bai yi ba tufa guda da za ta rufe jiki ta wadatar. Ai Mus'abu ɗan Umairu, Allah ya ƙara masa yarda, da ya yi shahada ranar Uhudu mayafinsa bai kai ya rufe kai da ƙafafu gaba ɗaya ba, sai aka rufe kan, aka sa ciyawa a ƙafafun. Kuɗin sutura daga tarikar mamaci ake fitar da shi tun kafin bashi da wasiyya da gado, amma bisa gwargwadon abin da aka saba, ba tare da israfi ba. In bai bar komai ba, kuma babu dangin da ciyar da shi ya wajaba a kansu, sai a koma ga baitulmali, in babu sai ga jama'ar Musulmi. Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa an gina shi ne don kada mutuwa ta zama sanadin talaucin rayayyu.

Haka kuwa iyayenmu suka gudanar da al'amarin. Da an ji salati ya tashi a wani gida, kafin liman ya iso samarin unguwa sun saɓi diga da shebur sun nufi makabarta, wani ya hau magarya ya tsinko ganyen wanka, wani ya sassaro itace a gonarsa, wata tsohuwa ta ba da tukwanen da za a jera a rufe bakin kabari, tela ya ɗinka alawayyo bai karɓi ko anini ba, makara kuma tana jingine a masallaci, ta kowa ce. Mata maƙwabta su daka gumba, su kawo tuwo da kunu har kwana 3, gidan mutuwa ba ya hura wuta. Kusan duk abin da ake bukata, ban da ƙyalle, aikin gayya ne.

To me ya sauya? Abu na farko shi ne ƙyallen kansa. Ƙasar Katsina ƙasar auduga ce, kuma tun da aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, sannan wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, talaka ya daɗe yana sayen farin yadi wanda aka noma audugarsa kusa da shi aka kuma saƙa shi kusa da shi. Da masaƙun nan suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu ta Kaduna ta rufe ƙofa a 2007, sai ya zama yawancin yadin da ɗan kasuwar Daura yake sarowa a Kantin Kwari daga ƙetare yake zuwa, farashinsa kuma yana bin dala sau da ƙafa. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ashe ke nan tsohuwar da ta rasu a wani ƙauye na Zango, wadda ba ta taɓa ganin dala da idonta ba, suturarta tana rataye da kasuwar canji.

Na biyu, wanda a ganina ba a cika lura da shi ba, shi ne cewa mutane sun rage mutuwa a ɗakunansu. Majinyacin da ciwonsa ya yi nauyi akan wuce da shi Katsina ko Kano, kuma wannan alheri ne, domin da yawa sukan dawo da ƙafafunsu. Amma idan wa'adi ya cika a can, iyalin da jinya ta riga ta cinye musu tumaki da hatsi sai su wayi gari suna neman motar da za ta kawo gawa gida, domin da wuya Badauri ya yarda a binne mahaifinsa a garin da ba zai riƙa ziyartar kabarinsa ba. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma direba, ko da mai tsoron Allah ne, ba zai zuba tausayi a tanki ba. Itacen rufe kabari ma ya zama na saye, saboda dajin da ake shiga a saro ya ƙare, sai reshen bedi da ake samu da kuɗi. Garin Daura kuma ya buɗe ta ko'ina tun da aka kawo masa manyan makarantun tarayya, filaye suka yi daraja, tsofaffin makabartu suka cika gidaje suka kewaye su, sababbi kuwa suna bayan gari inda ba a kai makara a kafaɗa. Masu haƙan kabari, waɗanda galibinsu dattawa ne marasa albashi, su ma suna cin abinci daga kasuwar da kowa yake ci, saboda haka abin da ake ba su na ihsani tilas ya ƙaru, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Sai dai duk waɗannan, in an tara su, ba su kai rabin abin da zaman makoki yake lashewa ba, kuma a nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Sa'ad da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, umarni ya yi a dafa wa iyalan Ja'afaru abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Mu kuwa sannu a hankali mun juya al'amarin, gidan da aka yi wa rashi shi ne yake ciyar da gari. Na ga wannan da idona a unguwarmu, da wani maƙwabcinmu magini ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya 6, babbansu bai gama sakandare ba. Tun kafin a dawo daga makabarta an kafa rumfa ta haya a ƙofar gida, an jera kujerun roba, an sauke buhunan ruwan leda. Washegari motoci biyu suka iso cike da dangi daga Kano da Zinder, aka ɗora tukwane a kan murhu uku. Ranar sadakar uku aka soya waina, aka raba goro. Da aka share makoki na shiga yi wa matar ban-haƙuri, na iske ta zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, buhunan gero biyu da marigayin ya ajiye don damina kuwa babu ko ɗaya a ɗakin, kuma mai rumfa yana zaure yana jiran cikon kuɗinsa. Babu wanda ya yi nufin zaluntarta a cikin duk waɗanda suka ci abincin nan. Kowa don Allah da zumunci ya zo. Amma abincin marayu aka ci.

Dalilan wannan juyi suna da yawa, kuma ba duka ne abin zargi ba. Wayar hannu da rediyo da Facebook sun sa labarin rasuwa yana isa Legas da Maraɗi cikin sa'a guda, hanyoyin mota kuma sun sa wanda da can zai aiko da gaisuwa ta bakin fatake yanzu da kansa yake zuwa, Bahaushe kuwa, wanda aka rena a kan cewa baƙonka annabinka, ba zai iya kallon wanda ya yi tafiyar yini ya kwana da yunwa ba. Wannan karamci ne, kuma ina girmama shi. Amma akwai wani sashe da ba karamci ba ne, tsoron gori ne da gudun kada a ce: kada a ce 'ya'yan wane sun kasa, kada kishiya ta ce dangin wance ba su iya komai ba. Manyan gari da 'yan siyasa, waɗanda ta'aziyya ta zama musu fagen nuna jama'a, sun kafa wani mizani wanda su ba ya yi musu nauyi, sai na ƙasa da su ya ɗauka, na ƙasa da shi ma ya kwaikwaya, har abin ya gangaro kan magini da ɗan acaɓa.

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza a cikin Ihya'us Sunna, kuma tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 masu wa'azinta suke sukar waɗannan taruka, alhali malaman ɗariƙu suna ganin sadaka ce da addu'a waɗanda ladansu yake isa ga mamaci. Ba ni da matsayin raba wannan gardama. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ɓangarorin biyu ba su saɓa ba a kan mas'ala guda, watau cewa ba ya halatta a yi sadaka da dukiyar da maraya yake da haƙƙi a cikinta, domin daga lokacin da rai ya fita dukiya ta zama ta magada. Kuma abin takaici, wannan mas'ala da aka yi ittifaƙi a kanta ita ce aka fi yin shiru da ita a kan mumbari.

Yana da fa'ida mu leƙa inda wannan hanya ta kai waɗansu. A Amurka, inda sutura ta zama sana'ar kamfanoni, matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa ya kai wajen dala 8,300 a 2023, ban da kuɗin filin kabari, kuma tsada tana cikin manyan dalilan da suka sa yanzu fiye da rabin mamatansu ƙone su ake yi. A Ingila ƙone gawa ya fi haka yawa. Musulmi ba zai taɓa bin wannan mafita ba, shaida kuwa ita ce irin kukan da Musulmin Siri Lanka suka yi a 2020 da hukuma ta tilasta ƙone gawarwakin waɗanda annobar korona ta kashe, har aka janye dokar a 2021. Tun da mu ba mu da wata hanya mai rahusa da za mu gudu zuwa gare ta, tsadar takan fito mana ta wata kafa: jinginar da gona, kora akuya kasuwar Mai'aduwa a sayar da ita a wulaƙance saboda gaggawa, cire yaro daga makaranta a kai shi koyon sana'a, da husumar da take tashi ranar rabon gado, sa'ad da wan mamaci ya kawo lissafin abin da ya ce ya kashe, matar kuma ta ce ba da izininta ba. Ita kuwa mai takaba, wata 4 da kwana 10 al'ada ta tsare ta a ɗaki fiye ma da yadda fiƙihu ya tsare ta, sana'arta ta tsaya a daidai lokacin da ta fi bukatarta.

Matsin ya haifar da wasu abubuwa na alheri, wajibi ne a faɗa. A masallatai da dama yanzu akwai asusun likkafani, inda mai hali yakan sayi bandir guda na farin yadi ya ajiye a hannun liman ba tare da an san sunansa ba. Matasa sukan yi gayyar share makabarta da cike kaburburan da ruwan damina ya zaftare. Ana kuma ƙara samun gidajen da suke sanarwa tun a wurin jana'iza cewa ba za a yi zaman makoki ba, kowa ya yi addu'a daga inda yake, ko da yake sau da yawa masu ilimi ko masu wadata ne suke iya furta haka, domin su ba wanda zai ce rashi ne ya sa su.

Bara da kaka na je gaida wata gwaggona a wani ƙauye kusa da Kongolam, tsohuwa ce da ta haura shekara 80, tana riƙon jikoki 3 da ɗanta ya rasu ya bari. Bayan mun gaisa ta sa aka jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta fito da wani ƙunshi a cikin leda, farin yadi ne a ninke da ɗan ƙullin kafur a gefe, ta ce da kuɗin ƙuli-ƙuli ta tara ta saya, yadi biyu-biyu, cikin shekara biyu.

Na ce, "Haba Gwaggo, ai muna nan, Allah ya ƙara miki lafiya."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan, Allah ya yi muku albarka. Amma ga shi na nuna maka inda yake. In ta Allah ta kasance, wanda ya zo gaisuwa a ba shi ruwa ya sha. Rumbun can kuwa na yaran nan ne, kada ka bari a buɗe shi."