Kasimu Yero: Gwanin Wasan da Ya Riga Kannywood

Idan aka ce a lissafo manyan 'yan wasan Hausa, yawancinmu a nan makaranta daga Ali Nuhu muke farawa, mu gangaro zuwa na jiya-jiya. Amma fim ɗin Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne ya buɗe ƙofar Kannywood, sai a 1990 ya fito a Kano. To, kafin nan wa ake kallo? Ni dai a ganina ba za a amsa wannan tambaya ba sai an ambaci wani Bazazzagi, marigayi Alhaji Kasimu Yero.

A zamaninsu babu kaset ɗin bidiyo a kasuwa, balle YouTube. Ɗan wasa kan dandamali yake gogewa, ko a rediyo, sannan talabijin ta ɗauke shi. Wannan hanya makaranta ce mai zaman kanta. A dandamali ba a cewa "yanke, a sake". In ka yi tuntuɓe, a gaban jama'a za ka gyara. A rediyo kuwa ba mai ganin fuskarka, da murya kaɗai za ka nuna fushi ko makirci. Shi ya sa 'yan wasan wancan lokaci, irin su Kasimu da Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka iya sarrafa harshe yadda suka ga dama.

Hausawa sun fi saninsa da Karambana, wasan barkwanci na NTA Kaduna. Sauran 'yan Nijeriya kuwa da Uncle Gaga suka san shi, a shirin Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980. A yankin Jos aka ɗauki shirin, bankin UBA ya ɗauki nauyinsa, manufarsa kuma jawo hankalin mutane su koma gona. Kasimu ya fito a matsayin kawun nan mai wuyar sha'ani, tare da su Sadiq Daba. Ku duba fa: mutum ɗaya, ya ba ka dariya da Hausa, gobe ya ba ka haushi da Turanci, kuma duk ka yarda da shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ya fito a wasan talabijin na Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam. Imam ɗin nan shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, kuma a nan Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda ya yi aiki. Wato alƙalami daga Zariya, ɗan wasa ma daga Zariya.

Allah Ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 3 ga Satumba, 2017, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ke damuna shi ne mantuwa. A Ingila, tsohon ɗan wasa irin Ian McKellen tun 1991 aka ba shi lambar girma ta "Sir", ayyukansa kuma suna nan a adane, ɗalibai na nazarinsu. Mu kuwa, nemi Karambana cikakke yau ka gani. In ka yi sa'a ka tsinci guntaye a intanet.

Ba sai mun jira gwamnati ba. Masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gida. Dattawan da suka kalli wasannin nan, da waɗanda suka yi aiki tare da shi, wasunsu na nan da rai a Zariya da Kaduna. Wayar da ke aljihunka ta isa ka naɗi hira da su. A yi shi yanzu, tun ana samun wanda za a tambaya.