Igiyar Mita Biyu da Ke Ceton Tumakin Birtaniya

A gidan kiwo na tashi. Tun ina ƙarami ni ke kai wa tumakin mahaifiyata dusa da harawa, don haka da aiki ya kawo ni arewacin Ingila, ba abin da ke ɗebe mini kewar gida kamar in fita ranar Asabar in bi tuddan Yorkshire Dales ina kallon tumaki warwatse a kan ciyawa, ba makiyayi a bayansu, sai katangar duwatsu da ta kewaye su. Na ɗauka babu dabbar da ta kai su kwanciyar hankali, tunda ba kura a ƙasar, kyarkeci ma an ƙarar da shi tun ɗaruruwan shekaru. Ashe abokin gabarsu yana nan, a kan kujerar falo yake kwana.

Wata safiya a watan Maris na gani da idona. Ina tafe kan ƴar hanyar ƙafa da ta ratsa wata gona, sai na hangi garken ya tarwatse, wani farin kare mai tsabta, da abin wuya ja, yana bin su a guje. Can baya wata mata tana ta ƙwala masa kira, ko waiwaye bai yi ba. Tumakin suka yi kan kusurwar katanga suka cunkushe, wasu na hawa kan wasu. Abin bai wuce minti biyar ba. Da ta kama shi tana haki, abin da ta fara cewa shi ne, "Wasa fa yake yi, bai taɓa cizon kowa ba."

Mai gonar, wani dattijo mai furfura, ya iso a kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa gaban wata tunkiya da ta kwanta tana numfashi sama-sama, ya ɗora tafinsa a cikinta, ya daɗe a haka. Ba ɗigon jini a jikinta. Da na sake bi ta wurin bayan mako guda na tambaye shi jikinta, sai ya ce ta yi ɓarin tagwaye, wasu biyu ma sun bi sahunta.

Wannan shi ne abin da masu karnuka da yawa ba su gane ba: ba sai kare ya sa haƙori ba yake kisa. Tunkiya takan ɗauki ciki na kusan wata biyar, kuma yawancin tumakin Birtaniya a watannin Maris da Afrilu suke haihuwa, daidai lokacin da sanyi ke sauka mutane ke fitowa yawo da karnukansu. Tunkiya mai tsohon ciki in aka kora ta, firgici da gajiya kaɗai sun isa su zubar da cikin. Wadda ta riga ta haihu takan rabu da ɗanta a cikin ruɗani, shi kuwa jariri in ya rasa nono da ɗumin uwa, yunwa da sanyi sukan gama da shi. Wasu su afka rafi, wasu su karye a jikin shinge. A watan Maris na 2016, a wata gona kusa da garin Chichester a kudancin Ingila, an wayi gari da gawar tumaki 116 jibge a jikin shinge, da yawansu masu ciki, kuma ƴan sanda sun ce alamu sun nuna kare ne ya kora su har suka danne juna. Kamfanin inshorar manoma na NFU Mutual ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai, dabbobin da karnuka suka kashe ko suka raunata a ƙasar sun kai na fam miliyan 2.4.

Me ya sa karen da ke cin abincin gwangwani, ana yi masa wanka da sabulu, zai aikata haka? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kare jinin kyarkeci ne, duk abin da ya ruga a gabansa jikinsa zai ce masa bi shi. Tunkiya kuwa ba ta da makami sai gudu, gudun nata kuma shi ke ƙara zuga shi. Da zarar ya ɗanɗana daɗin kora, kunnensa ya toshe. Ƙarami da babba duk ɗaya ne. Wasu ma ba a yawo suke ɓarnar ba, daga gida suke sulalewa ta ɓarakar shinge, su dawo su kwanta kamar ba su je ko'ina ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne tsarin ƙasar. A Ingila da Wales hanyoyin ƙafa na jama'a suna ratsa tsakiyar gonakin mutane, kuma manomi ba shi da ikon toshe su. Saboda haka aka yi dokoki. Tun 1953 doka ta ce laifi ne karenka ya kai wa dabbobin kiwo hari ko ya kora su. Dokar 2000 da ta buɗe wa jama'a tuddai da filayen karkara ta wajabta riƙe kare a waɗannan wuraren da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, da kuma duk lokacin da ake kusa da dabbobi. A Sikotland, gyaran dokar da aka yi a 2021 ya kai tarar har fam 40,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. A Ingila da Wales kuma, dokar 1971 ta ba manomi kariya in ya harbe kare a lokacin da yake ɓarna kuma ba wata hanyar tsayar da shi, muddin ya sanar da ƴan sanda cikin awa 48. Dattijon nan ya ce mini yana da bindiga, amma ba ya fatan ranar da zai ɗaga ta a kan karen da wani yaro ke jira a gida.

Manoma na yin nasu ƙoƙarin. Suna kafa allunan gargaɗi a bakin ƙofofi, suna gyara shinge, masu hali kan janye tumaki masu ciki daga filayen da hanya ta ratsa, suna ɗaukar hoton ɓarna su kai rahoto. Amma ba mai iya gadin tudu guda dare da rana. Maganin yana hannun mai kare: ya sa igiya tun kafin ya shiga fili, don tumaki kan ɓuya a bayan tudu, ya rufe ƙofar gona in ya tarar da ita a rufe, ya toshe ɓarakar gidansa, ya kwashe kashin karensa, domin yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke cutar da tumaki. Wuri ɗaya ake ba da shawarar sakin igiyar, wato idan shanu suka taso maka, don kare ya fi ka gudu.

Ban ga laifin karen nan ba, halittarsa ya bi. Laifin na wanda ya yarda cewa soyayya ta canja masa hali ne. Duk wanda ya taɓa kwana a zaune yana jiran tunkiya ta haihu ya san cewa abin da ke cikinta wahalar shekara ce da abincin iyali. Har yau in na bi ta kusurwar katangar nan, hannun dattijon nake gani a kan cikin tunkiyarsa, yana laluben motsin da ya riga ya tsaya. Igiyar da za ta hana hakan tana cikin aljihun matar.