Daura: Dutsen da ke bayan kaifin askar wanzami

A ranar suna, akwai aikin da ke jiran wanzami: aske kan jariri ɗan kwana bakwai. Haka al'adar take a Daura, haka take a Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa. Fatar kan jaririn ba ta jure ja, don haka aska mai dakushi ba ta da wurin zama a nan. Ita kuwa aska, komai kyan ƙirar da maƙeri ya yi mata, kaifinta daga wani ɗan dutse da ke cikin zabira yake fitowa.

Duwatsun da aka fi gani yanzu a shagunan kayan aiki na masana'anta ne, masu fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai ɗan laushi. Sinadarin da ake yin wasu daga cikinsu da shi wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya fara haɗa shi a 1891. Suna cin ƙarfe da sauri, shi ya sa mahauta ke son su. Amma aska ba wuƙar fawa ba ce. Ko fuskar mai laushin ma takan bar wa bakin aska ƙananan haƙora da ido ba ya gani, sai fata ta ji su. Amfaninsa ga wanzami bai wuce gyaran askar da ta gimtse ko ta yi tsatsa ba.

Wanda ya sayi dutse mai lamba, ya sani cewa yawan lambar shi ne laushin dutsen. Mai 1,000 yana fitar da baki, mai 4,000 zuwa 8,000 yana goge shi. A ƙasar Beljiyam akwai wani dutse ruwan ɗorawa da ake haƙowa a yankin Ardennes, wanda masu aski na Turai suka daɗe suna ji da shi saboda laushinsa.

Dutsen gado kuwa ba lamba a jikinsa, da hannu ake gane shi. A jiƙa shi, a ja farce a kai: in an ji tsakuwa na kamawa, ba na aska ba ne. A goga tsohon ƙarfe sau kaɗan. Idan ruwan ya koma toka-toka, dutsen yana ci, idan ƙarfen santsi kawai yake yi, ɓata lokaci ne. Sannan a dube shi ta gefe. Dutsen da ya daɗe yana aiki yakan yi kwari a tsakiya, kuma irin wannan lanƙwasa bakin aska yake yi. Gyaransa ba wuya, a goga shi da ruwa a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse har ya daidaita. Wanda kuma aka saba wa mai, ba zai ƙara karɓar ruwa da kyau ba.

Wajen wasawa ne ake gane gwani. Askar kusan kwance take a kan dutsen, ba a dannawa, kuma yawan jan da aka yi wa gefe ɗaya shi za a yi wa ɗayan. Ɗan koyo da ya ɗaga bayanta zai samu kaifi nan take, amma ba zai kai ƙarshen kai ɗaya ba. Daga dutse sai fata, inda ake jan askar da baya don share siririn ƙarfen da ya rage a baki.

Abin da dutse ba ya yi shi ne tsarkake aska. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini, kuma dutsen da aka wasa aska mai jini a kansa zai iya miƙa shi ga aska ta gaba. Shafa aska a tafin hannu, kamar yadda wasu suka saba, shi ma ba tsafta ba ne. Tsarin da ya dace shi ne a wanke ta da sabulu, a wasa, sannan a tafasa ta kafin ta taɓa wani. Wannan ya sa iyaye da dama ke zuwa da sabuwar reza tasu ranar suna, wasu wanzaman ma ba sa jiran a roƙe su.