Darasin da Ke Cikin Butar Shayi

Ka tambayi ɗan aji shida na firamare a zafi nawa ruwa yake tafasa, nan take zai ce digiri 100, domin an sa shi ya haddace. Ka miƙa masa buta da ashana ka ce ya haɗa wa baƙo shayi, sai ido ya raina fata. Yaranmu da yawa, musamman maza, iyakar saninsu da shayi a aike su teburin mai shayi da kofin silba su karɓo.

Wani zai ce haɗa shayi ai ba abin ɓata lokacin aji ba ne. To, a asibitocin Ingila, kafin a sallami wanda ya yi jinyar shanyewar ɓarin jiki, akan kai shi wani ɗan kicin a ce ya haɗa kofi guda, ma'aikaciya tana tsaye tana kallo. Ba ƙishirwa take ji ba. So take ta ga ko zai tuna me ke gaba da me, ko hannunsa zai riƙe buta, ko zai kashe wuta in ya gama. Malaman yara masu buƙata ta musamman ma da wannan aikin sukan koyar da bin tsari: su gutsuttsura shi mataki-mataki, daga wanke hannu har zuwa ɗauraye kofi, yaro ya yi ta maimaitawa har ya iya ba tare da an tuna masa ba.

Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ba za ta rasa kurfoti da gawayi ba. Sai dai a fita da su gindin bishiya, domin gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. A dasa kurfotin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba a kan benci ba, bakin buta yana kallon inda babu kowa. Kuma kafin a ƙyasta ashana a koya wa yara maganin ƙuna: a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja, duk da cewa da su iyayenmu suka rene mu.

Daga nan kimiyya za ta fito da kanta. A zuba sukari a ruwan sanyi da na zafi, yara su ga wanne ya riga narkewa. A tambaye su me ya sa mai shayi yake ɗaga hannu sama yana tsiyaya daga wannan kofi zuwa wancan. Ba burga ce kawai ba, ko da yake akwai burgar: iska ce ke ratsa ruwan ta rage masa zafi, madara da sukari kuma su gauraya. Malamin da ke Jos yana da ƙarin abin nunawa, domin tudun garin ya sa ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. Ganyen baƙin shayi minti 3 zuwa 5 ya ishe shi. In ya zarce sai ya yi bauri. Sinadarin da ke kawo baurin nan yana kuma rage wa jiki shan ƙarfen da ke cikin wake da ganyayyaki, shi ya sa ake ba masu ƙarancin jini shawarar su raba shayi da lokacin cin abinci.

Lissafi kuwa yana cikin cokali. Ƙaramin cokalin sukari kusan giram 4 ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokali 12. Yaro ya ƙirga nawa ake zabga masa a haɗin kauri guda. Sannan a ba shi farashin ganye, madara, sukari da gawayi, ya fitar da kuɗin kofi ɗaya, ya ga ribar da ke tsakanin ruwan bunu da mai madara.

In lokaci ya ragu a buɗe taswira. Asalin ganyen daga Sin yake, sunansa kuma daga Larabci muka are shi. Ana noma shi a Kericho ta Kenya, ana kuma noma shi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Koren ganyen da Buzaye ke dafawa sau uku, wanda samarin Zinder da Agadas ke kwana a kansa a fada, wato majalisar hira, har yau daga Sin ake shigo da shi.

Abin da na fi so malami ya tsaya a kai shi ne rabon aiki. In aka bar yara da kansu, 'yan mata ne za su hura wuta su wanke kofuna, maza su zauna jiran sha. Abin mamaki, masu shayin bakin titi kusan duk maza ne. Sai malami ya juya jadawalin kowane mako: wanda ya miƙa wa babba kofi da hannun dama a wannan Alhamis, shi zai ɗauki soso da sabulu a mai zuwa.